Wa Ke Zuba wa Fitila Mai?

Ran 12 ga watan Mayu kowace shekara masu aikin jinya a ƙasashen duniya su kan yi bikin ranarsu. An zaɓi ranan nan ne domin a cikinta aka haifi wata Baturiyar Ingila, Fulorens Naitingel, wadda a ke ɗauka uwar aikin jinya irin na asibiti. Mai yiwuwa kun taɓa ganin hotonta a bangon makarantar nas: mace siririya, riƙe da fitila, tana bin gadajen sojoji da tsakar dare. Labarin fitilan nan kowane ɗalibi ya san shi. Amma akwai sauran labari wanda ba a cika faɗa musu ba. Shekara guda bayan da macen nan ta komo daga wurin yaƙi sai ta faɗi, jiki da rai duka, tana da shekara 37. Daga nan ta yi shekara fiye da 20 ba ta cika fita daga ɗakinta ba.

Abin da ya sa muka ɗauki labarinta ya zama darasinmu na wannan wata ke nan. A cikin Ekklesiyoyinmu akwai mata da yawa da ke riƙe da manyan ayyuka. Wata shugabar makaranta ce, malamai da yara duka suna ƙarƙashinta. Wata babbar sista ce, ɗakin haihuwa yana hannunta dare da rana. Wata kuwa tana ofis, in ba ta sa hannu ba ba wanda zai karɓi albashi. Mu kan yi fahariya da su, mu kan ba su kujerar gaba ran bikin godiya. Amma ba safai mu kan tambaye su ko suna samun barci ba.

Gidan da babu aiki

An haifi Fulorens a shekara ta 1820. Iyayenta masu dukiya ne ƙwarai, suna da manyan gidaje biyu, ɗaya na zaman lokacin zafi, ɗaya na lokacin sanyi. Ubanta da kansa ya koya mata Helenanci da Latin da tarihi, ita kuma ta nace sai da ta koyi lissafi. A 1837, tana da shekara 16, ta rubuta cewa Allah ya kira ta ga hidimarsa, ko da ya ke ba ta san wace irin hidima ce ba tukuna. Sai bayan waɗansu shekaru ta gane jinyar marasa lafiya ce.

A 1845 ta roƙi iyayenta su bar ta ta je wani asibiti kusa da gidansu ta koyi aikin na wata 3 kaɗai. Uwarta da yayarta suka tashi kamar ta ce za ta shiga karuwanci. A zamanin nan a Ingila ana ganin jinyar asibiti aikin matalauta ne da mashaya. Abin da a ke so ga 'yar babban gida shi ne ta yi ado, ta karɓi baƙi, ta yi ɗinkin ƙawa, ta karanta wa ubanta littafi da yamma, har miji ya zo.

Ku lura da abin da ya biyo baya, gama rabin darasinmu a nan ya ke. Ciwon rai bai fara kama Fulorens a wurin aiki ba. A gidan hutu ya fara kama ta, inda barori ke yi mata kome. Ta kan tashi tun da asuba ta karanta rahotannin asibitoci a ɓoye kafin a kira ta karin kumallo, sa'an nan ta wuni tana murmushi ga baƙi, zuciyarta kuwa tana ƙuna. Ta kan kwanta ciwo ba a san kansa ba. Takardun da ta rubuta domin kanta wajen 1850 da 1851 suna nan ajiye har yanzu, a cikinsu ta faɗa ba sau ɗaya ba cewa mutuwa ta fi mata irin wannan zama. Wani mutum mai daraja ya yi shekaru yana neman aurenta, tana kuwa sonsa, amma a 1849 ta ƙi, domin ta ga auren zai kulle ta cikin irin zaman da ke kashe ta.

A 1851 aka bar ta da ƙyar ta tafi Jamus, garin Kaisaswat, inda wani pasto mai suna Tiyodo Filidna ya kafa gidan koya wa mata hidimar marasa lafiya da marayu. Wajen wata 3 ta yi. Ana tashi ƙarfe 5 na asuba, abinci na talakawa, aiki har dare. Ga mamaki, a can ne ta sami lafiya da farin ciki. A 1853 ubanta ya yanka mata fam 500 kowace shekara domin ta zauna da kanta, aka kuma naɗa ta shugabar wani ƙaramin asibitin mata a Landan. Nan da nan ta sa aka jawo ruwan zafi zuwa kowane bene, aka ɗaura ƙararrawa domin mai ciwo ya iya kiran nas, aka yi abin jawo abinci sama domin kada ma'aikata su ƙare ƙarfinsu a hawa da sauka.

Na tsaya a kan wannan domin na san abin da waɗansunmu maza za su ce in sun ji mace mai babban aiki ta gaji: "Wa ya aike ta? Ta zauna a gida mana." Wanda ya faɗi haka bai san labarin nan ba. Macen da aka ba baiwar shugabanci, in an hana ta yin amfani da ita, ba hutawa ta ke yi ba. Baiwar ta kan juyo ta ci mai ita daga ciki.

Sukutari

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha suna taimakon Turkiyya, a wata ƙasa da a ke kira Kirimiya. Jaridu suka kawo labari cewa sojojin Ingila suna mutuwa a asibiti ba mai kula da su. Sidni Habat, wanda ke riƙe da sha'anin kuɗi da tanadin soja a gwamnati, abokin Fulorens ne, sai ya roƙe ta ta tafi. Ta tashi da nas 38, suka sauka Sukutari, ƙetaren ruwa daga birnin Istambul, ran 4 ga Nuwamba 1854.

Asibitin tsohon barikin sojan Turkiyya ne. An gina shi bisa lambatu da ya toshe, iska tana turo wari zuwa cikin ɗakuna. Ba sabulu, ba tawul, ba isassun riguna, ga ɓera, ga ƙwarƙwata. Likitocin soja kuma ba su yi murna da zuwan mata ba, da farko sun ƙi su sa su aiki. Fulorens ta hana nas ɗinta taɓa kowane mai ciwo sai likita ya ce, ta sa su zauna suna ɗinki da shirya kaya, ko da ya ke suna jin nishin mutane ta bango. Sai da jirage suka fara sauke raunanan yaƙin Inkaman, aiki ya fi ƙarfin likitoci, kana aka kira su.

Mun saba tunawa da fitila, amma yawancin aikinta na rana aikin shugaba ne. Ita ce mai sayen kaya, ita ce mai kafa wurin wanki da madafa, ita ce mai sasanta faɗan nas da nas, mai sallamar wadda ta bugu, mai amsa wa manyan soja da ke neman ta kāsa. In dare ya yi ta zaga ɗakuna, in ta komo ta zauna rubuta wasiƙu, waɗansu zuwa ga gwamnati, waɗansu zuwa ga uwayen sojojin da suka mutu. Waɗanda suka gan ta sun shaida ta kan yi sa'a 20 a tsaye in sababbin raunana sun iso. Duk da haka a lokacin sanyin nan na fari sojoji fiye da 4,000 suka mutu a wurin, yawancinsu ba rauni ya kashe su ba, atuni ne da kwalara da taifot da zazzaɓin ƙwarƙwata. A watan Maris 1855 gwamnati ta aiko da masu binciken tsabta, suka yashe lambatu, suka buɗe wa iska hanya, har mushen doki suka ciro daga hanyar ruwan sha. Bayan wannan sai mutuwa ta ragu, daga wajen 42 cikin 100 ta komo wajen 2 cikin 100.

A watan Mayu 1855 ta ƙetare zuwa Kirimiya domin ta duba asibitocin bakin dāga, a can zazzaɓi mai tsanani ya kama ta, har aka fid da rai. Da ta ɗan farfaɗo aka ce ta tafi gida ta huta, ta ƙi. Ta zauna sai da aka gama yaƙi, ta komo Ingila a watan Agusta 1856.

Faɗuwa

Jama'a sun shirya mata babbar maraba, amma ta shigo a ɓoye da sunan aro, ta isa gidan iyayenta da ƙafa daga tashar jirgin ƙasa. Ba ta yi hutu ba. Abin da ta gani ya hana ta zama. Ta sadu da Sarauniya Biktoriya, ta matsa har aka kafa hukumar binciken lafiyar soja a 1857. Da ya ke mace ce ba ta zauna cikin hukumar ba, amma ita ke tara shaida, ita ke shirya wa mazan abin da za su tambaya. Ta rubuta rahoto mai shafi fiye da 800.

Cikin wannan aiki, tana bin ƙididdiga tare da wani gwanin lissafi mai suna Wiliyam Far, ta ga a fili cewa sojojin Ingila fiye da 16,000 cuta ce ta kashe su, irin cutar da tsabta za ta iya hanawa, ta ga kuma a Sukutari inda ta yi ta fama aka yi mutuwa mafi yawa. Ku auna nauyin wannan a zuciyar mace wadda ƙasa duka ke yabo. Waɗansu masu tarihi suna ganin sanin nan yana cikin abin da ya karya ta.

Ta daina cin abincin kirki, barci ya ƙaurace mata. Likitan da su ke aiki tare ya rubuta mata ya roƙe ta ta huta, ta mayar masa da amsa mai zafi. A watan Agusta 1857 ta faɗi. Zuciya tana bugawa da sauri, numfashi yana yankewa, ganin abinci yana tayar mata da zuciya, ga rashin ƙarfi, ga baƙin ciki mai nauyi. Ita da danginta duka sun ɗauka mutuwa ce ta zo, har ta yi wasiyya. Ba ta san tana da sauran shekara 53 a duniya ba.

Mene ne ciwon? A 1995 wani masani ya bi alamun ɗaya ɗaya, ya nuna sun dace da cutar da likitoci ke kira buruselosis. Ƙwayar cutar tana cikin shanu da awaki da tumaki, ita ke sa su ɓari, mutum kuwa ya kan ɗauka ta wurin shan madarar da ba a tafasa ba. Wani likitan soja, Debid Burus, shi ya gano ƙwayar a tsibirin Malta a 1887, watau shekara 30 bayan faɗuwar Fulorens, sabo da haka likitocinta ba su da yadda za su san ta. In ta daɗe a jiki ta kan kawo zazzaɓi mai tafiya yana komowa, da ciwon baya da gaɓoɓi, da rashin barci, da baƙin ciki. (Cutan nan tana nan a ƙasarmu cikin garkunan dabbobi, sai uwayen gida su riƙa tafasa madara.) Waɗansu likitoci kuma sun ce ciwon rai ne irin wanda ke kama mutumin da ya ga mutuwa da yawa. A ganina ba lalle ne mu zaɓi ɗaya ba. Jiki da rai maƙwabta ne masu katanga ɗaya, in wuta ta kama ɗakin wannan sai ta lashi na wancan.

Waɗanda suka ɗauki kaya tare da ita

Kada wani ya zaci kwanciyar ta tsayar da aiki. Daga kan gado ta rubuta ɗan littafinta a kan jinya a 1859. A 1860 ta buɗe makarantar nas a Asibitin Sen Tomas na Landan da kuɗin da jama'a suka tara mata, wajen fam 45,000. Ta yi shekaru tana aiki a kan tsabtar ruwa da lafiyar ƙauyukan Indiya, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Ministoci su kan zo gidanta su jira a kira su ɗaya ɗaya. Wasiƙunta da suka rage sun kai dubbai.

Amma dole mu faɗi ɗaya gefen, gama darasi ba yabon gawa ba ne. Shugaban da ba ya tausayin kansa da wuya ya ji tausayin na ƙarƙashinsa. Sidni Habat ya kamu da ciwon ƙoda, ya ce mata ba zai iya ci gaba ba. Ta ɗauki wannan kamar gudun yaƙi, ta matsa masa da magana mai ɗaci. Ya mutu a watan Agusta 1861 yana da shekara 50, mutuwarsa kuwa ta jefa ta cikin baƙin ciki mai zurfi. Wata 3 bayan haka mijin 'yar gwaggonta, wanda ya yi shekaru yana yi mata aike da rubutu har lafiyarsa ta lalace, shi ma ya mutu. Gwaggon tata kuwa, wadda ta bar gidanta ta bi ta har Sukutari, ta kuma zauna tana jinyarta, da ta ce a 1860 za ta koma wurin mijinta da 'ya'yanta, sai Fulorens ta yi fushi, ta yanke zumunci da ita wajen shekara 20.

Ga kuma Agnes Jons, ɗaya daga cikin ɗalibanta mafi ƙwazo. A 1865 aka aike ta ta shugabanci asibitin gidan matalauta na Libaful, da nas 12 masu horo a kan marasa lafiya fiye da 1,000. Ita ce ta fari a tashi, ita ce ta ƙarshe a kwanciya. Ta gyara wurin ƙwarai. A watan Fabrairu 1868 zazzaɓin ƙwarƙwata ya same ta a gajiye, ta mutu tana da shekara 35. Da ta mutu aka sha wahala kafin a sami wadda za ta riƙe aikin.

Abin da ta koyar ba ta yi ba

Abin mamaki shi ne, Fulorens ta san maganin abin nan sarai, har ta rubuta shi. Babi na 3 na ɗan littafin nan nata a kan wannan ya ke. Ma'anarsa a taƙaice ita ce, ba a auna mai riƙe da aiki da abin da ta yi da hannunta sa'ad da ta ke tsaye a wurin. Ana auna ta da abin da ke faruwa sa'ad da ba ta nan. In sista ta fita ƙofa sai magani ya tsaya, ko taga ta zauna a rufe, to, ba ta iya shugabanci ba tukuna, kome ƙwazonta. Aikinta shi ne ta shirya mutane da littattafai da ka'idodi yadda kowa zai iya ɗauka daga inda ta ajiye. Ta kuma tsawata wa masu jin daɗi in an ce ba wanda ya iya aikin sai su.

Wannan koyarwa daidai ta ke da shawarar da Yetro ya ba surukinsa Musa a Fitowa sura 18, da ya gan shi yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma. Mu ma mun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma akwai dalilin da ya sa abin ya fi yi wa mace wuya. Namiji shugaba in ya ba mataimakinsa aiki, a kan ce ya iya mulki. Mace in ta yi haka, akwai masu jira su ce, "Ai dā ma mun faɗa, aikin ya fi ƙarfinta." Sabo da tsoron wannan magana ta kan riƙe kome da kanta, ta zo kafin kowa, ta tashi bayan kowa, ba ta neman hutun da doka ta ba ta. In ta komo gida kuwa, tuwo yana jiranta, da aikin makarantar yara, da surukar da ba ta da lafiya. Fulorens ba ta da miji ko ɗa, tana da barori da kuɗin ubanta, duk da haka ta faɗi. Ina ga 'yar'uwarmu mai 'ya'ya biyar?

Zan faɗi laifina a nan. A wata Ekklesiya da na yi hidima akwai wata malama, shugabar makarantar firamare. Da na ga ta iya riƙon littafin kuɗi sai na sa ta ma'ajin ginin majami'a, bayan tana shugabar Zumuntar Mata, tana kuma koyar da ajin Lahadi. Duk abin da na ɗora mata sai ta ce, "To, Pasto." Wata rana mijinta ya zo ya ce mini ta yi makonni ba ta barci, ta kan zauna bakin gado da asuba tana kuka ba dalili, har ta fara manta sunayen malamanta. Na je na gaishe ta, na ce, "Malama, ki ƙara addu'a, kada ki ba Shaiɗan wuri." Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Pasto." Wata tsohuwar nas ce cikin jama'armu ta same ni daga baya ta ce, "Ɗana, macen nan ba addu'a ta rasa ba. Ku sauke mata kaya, ni kuwa gobe zan kai ta wurin likita." Likita ya ba ta magani da hutun wata guda. Ni ma na sauke mata ayyuka biyu. Ta warke, tana nan tana riƙe da makarantarta. Har yau in na tuna maganar da na yi mata sai kunya ta kama ni. Da na sake karanta I Sarakuna sura 19 sai na ga annabi Iliya ma ya kai inda ya roƙi mutuwa, bayan babbar nasara kuwa, abin da aka fara yi masa shi ne aka bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci da ruwa har sau biyu, daga baya aka ba shi Elisha ya taimake shi.

Yadda za a gane

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar nan da aiki marar iyaka ke kawowa, ta ba da alamunta uku. Ta fari, ƙarfi ya ƙare, barcin dare ɗaya ba ya mayar da shi. Ta biyu, zuciya ta janye daga aikin, wadda dā ta ke son yara ko marasa lafiya yanzu ganinsu ma haushi ya ke ba ta. Ta uku, aikin kansa ya fara lalacewa a hannunta. Wannan maganinsa a wurin aiki ya ke: a rage kaya, a raba shi, a ɗauki hutu tun kafin a faɗi. Jiki magayi ne, in ya yi magana a saurara.

Amma akwai wanda ya wuce gajiya, shi ne ciwon damuwa. In baƙin ciki ya zauna kusan kullum har mako 2 ko fiye, abin da dā ke faranta rai ya daina, barci da cin abinci suka rikice, mutum yana ganin kansa ba shi da amfani, to, ciwo ne kamar sauran ciwo, yana kuwa da magani. Hukumar nan ta ce ya fi kama mata: inda ya kama maza 2 ya kan kama mata wajen 3. In kuwa 'yar'uwa ta fara cewa gara ta mutu, kada a ce wasa ta ke yi, kada kuma a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar. Akwai asibitocin gwamnatin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Maiduguri da Kware kusa da Sakkwato, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sashensa. Zuwa can ba ya nuna mutum ya haukace. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali ta Nijeriya, wadda ta maye tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana a wulakanta mutum ko a nuna masa bambanci sabo da irin wannan ciwo.

Ƙarshen kwanakinta

Wajen 1880 ciwon Fulorens ya fara sakinta, halinta kuma ya yi taushi. Ta shirya da gwaggonta. Ta riƙa kiran ɗalibanta ɗaya ɗaya su sha shayi tare, tana tambayarsu abin da su ke ci da yadda su ke barci. In ta aiki wata ta shugabanci asibiti mai nisa ta kan bi ta da wasiƙu da littattafai da abinci, in ta ji wata ta gaji ta kan shirya mata wurin hutu, wani lokaci da kuɗinta. A 1907 Sarkin Ingila ya ba ta wata babbar lambar girma wadda ba a taɓa ba mace ba, amma a lokacin idonta ya riga ya tafi, tunaninta ya raunana. Ta mutu ran 13 ga Agusta 1910 tana da shekara 90. An so a binne ta inda a ke binne manyan ƙasar a Landan, danginta suka ƙi bisa ga wasiyyarta. Sojoji 6 suka ɗauki akwatin zuwa makabartar wata ƙaramar majami'ar ƙauye kusa da gidan ubanta.

Tambayoyi domin aji

1. A Ekklesiyarku, mata nawa ne ke riƙe da aiki biyu ko uku na Ekklesiya bayan aikin albashinsu? Ku faɗi yawansu, kada ku faɗi sunayensu. Wa ya ɗora musu?

2. Ke mai riƙe da aiki, in kika kwanta mako guda daga gobe, wa ya san inda mabuɗi da littafin kuɗi su ke?

3. Maigida, ran da uwargida ta komo daga aikin dare, wa ke shirya yara su tafi makaranta?

4. In Sidni Habat ne mataimakinki, ya zo ya ce miki ba zai iya ci gaba ba, me za ki ce masa?